Me malami yake yi har yaron da ya tsani makaranta ya dawo yana son ta?

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Kowa ya san irin yaron nan da sai an kora shi da safe, yana tafe yana jan ƙafa, littafinsa a nannaɗe cikin aljihu. Sai a canza masa malamin aji, kafin zangon karatu ya ƙare ka ga shi ne mai tada ƙannensa kada a makara. Iyaye kan ce ai jininsu ne ya haɗu. Amsar nan ba ta gamsar da ni ba. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su faɗa mana ainihin abin da irin wannan malami yake yi a cikin aji, tun daga makon farko, don wanda bai iya ba ya koya.

Tsohon Hedimasta, Gwandu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Kafin a yi maganar malami, a fara sanin abin da ya sa yaron ya tsani wurin. Mafi yawan yaran da ake kira malalata a aji huɗu ko biyar ba su iya karatu ba ne, kuma suna ɓoyewa. Ki duba yaron da ke zaune can baya jikin bango. Yana kwafar abin da ke kan allo harafi bayan harafi, yana ɗaga kai kan kowane harafi, don zane yake yi, bai san abin da yake rubutawa ba. In aka ce a karanta baki ɗaya sai ya riƙa motsa leɓe yana bin muryar na gaba. In malami ya juyo zai yi tambaya, sai ya sunkuya kamar yana neman biro a ƙasa. Yaron da ya yi shekara uku yana wannan ɓuya kullum daga safe har azahar, yaya za a yi ya so makaranta?

Saboda haka aikin farko na malamin kirki shi ne ya gano inda kowane yaro ya tsaya. Ana yin haka da takarda guda: a sama haruffa goma, ƙasa da su kalmomi goma masu sauƙi irin su kifi, gida, rana, sai jimloli huɗu gajeru, sai ɗan labari. A kira yaro shi kaɗai, a gefe, ba a gaban aji ba. A fara da jimlolin. In ya karanta a hau da shi zuwa labari, in ya kasa a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa a sauko zuwa haruffa. Minti uku zuwa biyar ya ishi yaro ɗaya. Aji mai yara 80, in ana gwada goma a rana, kwana takwas an gama. Daga nan malami ya san yana da rukuni nawa a ajinsa.

Malam Na-Jega:
Ranka ya daɗe, wannan da ka kawo shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da shi, wato koyar da yaro daidai matakin da yake, ba matakin da sunan ajinsa ya ce ba. Amma akwai tambaya. Manhaja tana nan tana jira, sufeto zai zo ya duba ko an kai inda jadawali ya ce a mako na shida. Malami ya bar manhaja ya koma ba be bi bo bu da 'yan aji biyar?

Tsohon Hedimasta, Gwandu:
Ba a ce ya bar ta ba, Malam. Ya ware minti talatin zuwa arba'in a rana, in son samu ne da safe kafin rana ta yi zafi yara su gaji. A cikin wannan lokaci aji ya rabu gida uku ko huɗu. Masu haruffa su zauna a tabarma da katunan haruffa, waɗanda ake yankawa daga kwalin taliya ko na sabulu, kowane kati kamar faɗin tafin hannu. Su haɗa k da i, su haɗa f da i, su jera, sai ga kifi. Masu kalmomi su gina jimla. Masu labari su karanta wa juna su amsa tambaya. Kowane rukuni a naɗa masa jagora daga cikin yaran, malami yana zagayawa, amma ya fi daɗewa wurin na ƙasa. Bayan mako huɗu a sake gwaji, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Hausa tana da sauƙi a nan, wasula biyar ne kuma yadda aka rubuta haka ake furtawa, don haka yaron da ya kama haɗa baƙi da wasali ba ya daɗewa bai fara karanta kalma ba. Ranar da ya karanta kalmar da ba a taɓa karanta masa ba, da kansa, ki dubi fuskarsa, Hajiya. Daga ranar ne tafiyarsa ta safe take canzawa.

Abin da kan ɓata aikin shi ne a sa wa rukunin suna mai cin fuska, ko a bar yara su gane cewa tabarmar gefen ƙofa ta daƙiƙai ce. A sa musu sunan garuruwa ko na tsuntsaye. Kuma kada a koyar da b da d a mako guda, suna rikita yaro don kamar juna suke ta madubi. Haka ɓ, ɗ da ƙ, a bari sai takwarorinsu marasa lanƙwasa sun zauna.

Baban Khalifa, Kamba:
Ni ban yarda duk wannan ne ba. Akwai malamin da Allah ya ba farin jini da iya magana, yara na ganinsa sai su sake. Wannan baiwa ce, ba a koyon ta a kwaleji. Na biyu, mu faɗi gaskiya, yaran da can da ake zane su sun fi na yanzu maida hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malama 'Yar Yauri:
Baban Khalifa, farin jini yana da amfani, ba wanda ya musa. Amma yaro zai iya son malami yana dariyar labarinsa shekara guda, ya fita ajin bai iya rubuta sunansa ba, kuma da an canza malamin sai ya koma gidan jiya. Son malami daban, son karatu daban.

Batun bulala kuma, mu bar jayayya a kan da da yanzu, mu dubi abin da take yi a ƙofar makaranta da safe. Wa ke makara? Yarinyar da ta ɗebo ruwa ta yi wanke-wanke, da yaron da sai ya biya allonsa a makarantar safe kafin ya fito, da wanda ke takowa daga ƙauyen da ke nesa. Ya iso ƙarfe takwas da kwata, ya hango an tare ƙofa da dorina. Lissafin da zai yi mai sauƙi ne: in na shiga a doke ni, in na juya bakin gulbi ba mai taɓa ni. Sai ya juya. Wanda da zai rasa minti goma sha biyar ya rasa yini guda, gobe kuma tsoronsa ya ninka don yanzu laifi biyu gare shi. Malamin da ya san aikinsa yakan bar mai makara ya shigo ya zauna shiru, a rubuta sunansa, lokacin tara a tambaye shi dalili. In makarar ta kai sau uku a mako, to magana ta koma wurin iyaye, don yawanci abin da ke riƙe yaron a gida yake.

Haka dukan yaro don ya ba da amsa ba daidai ba. Abin da yake koya daga nan shi ne kada ya sake ɗaga hannu.

Baban Khalifa, Kamba:
To Malama, in ba duka, yaron da ya addabi aji fa? A zuba masa ido?

Malama 'Yar Yauri:
A'a. A kafa doka huɗu ko biyar tare da yaran tun makon farko, a rubuta a manna a bango, kowace da hukuncinta sananne: canza wurin zama, tsayawa bayan tashi a gyara abin da aka ɓata, kiran uba. Abin da ke sa doka ta yi aiki shi ne ta hau kan kowa daidai, ɗan mai gari da ɗan mai gadi. Shi kuma fitinannen yaro, sau da yawa ƙarfi ne ya yi masa yawa ba inda zai kai shi. A ba shi aiki na gaske: riƙe alli, raba littattafai, kiran sunayen 'yan unguwarsu. Mutumin da aka damƙa wa amana a gaban jama'a yana jin nauyin zubar da ita, ko da shekararsa goma.

Malamin Lissafi, Zuru:
Bari in shigo ta ɓangaren lissafi, don nan ne yara da yawa ke yanke hukuncin cewa su ba su da ƙwaƙwalwa. Ku ba yaro 52 a cire 27. Da yawa za su rubuta 35. Malami mai gaggawa zai ja jan biro ya wuce. Amma 35 ba hauka ba ce. Yaron ya duba 2 da 7 ya ga ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya su ya cire 2 daga 7 ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Yana da ƙa'ida, ƙa'idar ce gurguwa. In ka ce masa "nuna mini yadda ka yi", ka gano ciwon cikin minti ɗaya.

Maganin kuma ba maimaita "a aro ɗaya" ba ne har sau ashirin. A samo tsinke ko guntayen kara, a ɗaure goma goma da roba. A ajiye masa ɗauri biyar da tsinke biyu a gabansa, a ce ba ni ashirin da bakwai. Zai miƙo ɗauri biyu, sannan ya tsaya yana kallon tsinke biyun da suka rage, bakwai ake nema. Kada a ce masa komai. Can za ka ga hannunsa ya kai kan roba ya kwance ɗauri guda. Da ya kwance, ya fahimci aro har abada, kuma shi ya gano da kansa. Ya ƙirga saura, ɗauri biyu da tsinke biyar, 25.

Wani abu kuma: yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, in ka ba ta naira 500 ka sayi na 350, kafin ka rufe baki ta miƙo maka 150. Ita ce kuma ke cin sifili a ragi a takarda. Malami mai basira yakan fara daga abin da ta riga ta iya, ya ce mata a gaban aji ta koya musu yadda take yin canji da ka, sannan ya rubuta abin da ta faɗa a allo da lambobi. A Aliero a yi lissafi da buhunan albasa, a Argungu da shinkafa da kifi. Yaro ya ga cewa abin da ake yi a aji yana da dangantaka da abin da ake yi a gidansu.

A nan ƙasar Zuru akwai ƙarin nauyi, don yaro na iya zuwa aji ɗaya da C'lela a bakinsa, Hausa tana harshe na biyu, Turanci na uku. Haka ɗan Fulani, haka mai Zabarmanci a wajen su Kamba, haka Kambari da Gungawa a ƙasar Yauri. Shirun irin wannan yaro ba rashin fahimta ba ne. A zaunar da shi kusa da wanda ke jin harsunan biyu, malami kuma ya koyi ko gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma a harshen yaron.

Malam Na-Jega:
Na gamsu da batun tsinke. Ina so in ƙara abu biyu game da yadda ake tambaya a aji, don su ma suna raba yara gida biyu, 'yan gaba da 'yan kallo. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kawai bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara magana. Abu ne da ba ya cin ko kwabo: ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci, sannan ka kira suna.

Na biyu, a daina dogara da masu ɗaga hannu, don yara biyar ne kullum. A rubuta sunan kowa a guntun kwali a zuba a gwangwani, a riƙa zarowa. Sai dai a yi hattara, in ka zaro sunan yaro mai rauni ka jefa masa tambaya mai wuya, ka tozarta shi ne. Ka ce kowa ya fara tattaunawa da na kusa da shi minti ɗaya, sannan ka zaro. Ko bai sani ba, yana da abin da abokinsa ya faɗa masa da zai kawo.

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Yabo fa? Wasu iyaye na cewa yawan yabo na lalata yaro.

Tsohon Hedimasta, Gwandu:
Ya danganta da abin da aka yaba, Hajiya. "Kai haziƙi ne" ba ta gaya wa yaro abin da zai maimaita gobe, kuma ranar da ya kasa sai ya ce ashe ba haziƙin ba ne. "Jiya layi biyu ka karanta, yau ka kai huɗu ba ka tsaya ba" ita ce ke aiki, don gaskiya ce da shi ma ya san ta. Yara suna gane yabon ƙarya da wuri. Wajen gyaran littafi ma haka: maimakon a cika shafi da jan biro a rubuta 2 cikin 10, a nuna abu ɗaya da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gyara, a ba shi dama ya gyara a sake dubawa.

Akwai kuma abin da malami yake tsammani daga yaro tun kafin ya buɗe baki. A shekarun 1960 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun yi gwaji a wata firamare a Kalifoniya. Suka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a wannan shekara, alhali sunayen canki-canka aka zaɓo su. A ƙarshen shekara yaran nan sun fi ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masu bincike na baya sun ce tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, amma yana nan. A wurinmu yana shigowa ta ofishin malamai, inda tsohon malamin aji zai ce wa sabo "wane kam kada ka wahalar da kanka, duk gidansu haka suke". An rufe wa yaron ƙofa tun bai shigo ba.

Sufeto mai ritaya, Argungu:
Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma kada mu ɗora wa malami kayan da ba nasa ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi, an kuma ce mafi ƙarancin shaidar malami NCE ce, wato takardar kammala kwalejin ilimi. Wannan a takarda ke nan. Malamin da ke gaban yara ɗari a ɗakin da iska ta yaye rufinsa, albashi bai kai shi tsakiyar wata, ba za a yi masa adalci ba in aka ce rashin ƙwazonsa ne kaɗai. Ga kuma tsoro. Tun sace ɗalibai da aka yi a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, akwai iyayen da hankalinsu bai kwanta da makaranta ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Yaran da suka dawo bayan an rufe makaranta wata da watanni sun manta da yawa, dole a sake musu gwajin da Hedimasta ya faɗa, kada a ɗora daga inda aka tsaya kamar ba abin da ya faru.

Abin da ke hannun malami ko a wane hali shi ne rajista. Yawancin malamai suna kiran suna ne don cike gurbi. Rajista tana magana in an karanta ta. Yaron da ke ɓacewa rana guda a kowane mako, duba ko ranar kasuwar garin ce. Wanda ke ɓacewa mako biyu a jere, duba ko lokacin dashen shinkafa ne a fadama, ko korar tsuntsu, ko girbi. Wanda ke yawan fashi da damina, zazzaɓi ne. Ƙa'ida mai kyau ita ce kwana uku a jere ba labari, a aika ko a je gidan. Kuma a je da sallama da tambayar lafiya, "mun ga ba mu ga wane ba, lafiya dai?" Uban da aka zo masa da haka a zaure daban yake karɓar magana da wanda aka aika wa takardar gargaɗi. In abin ya fi ƙarfin malami, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, yana da mai unguwa da liman a ciki ko kusa da shi, a bi ta wurinsu. Yaron da ya dawo kuma kada a tarbe shi da "sai yau?", a sa wani ya nuna masa abin da ya wuce shi.

Malama 'Yar Yauri:
Baba Sufeto, ka tuna mini da rajistar 'yan mata na aji shida da ƙaramar sakandare. In aka ga yarinya tana fashin kwana uku ko huɗu kowane wata, jinin al'ada ne, kuma yawanci don makarantar ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa. Ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba. Ana buƙatar malama guda da 'yan mata suka san za su iya zuwa wurinta, da ɗan tanadin ƙyalle mai tsabta ko audugar mata da sabulu a ofis. Inda babu malama ko ɗaya, a nemi wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da mata jagorori da ake kira jaji a ƙungiyarta ta 'Yan Taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, don ta san mace ta fi sakewa da mace.

Ina kuma jan hankalin malamai maza masu niyyar alheri: duk ƙarin darasi ga ɗaliba a yi shi a fili, cikin rukuni, da sanin hedimasta da iyayenta. Kyauta ta musamman ga yarinya ɗaya, ko kiranta ita kaɗai ofis, ko da zuciya ɗaya aka yi, zai iya jawo maganar da za ta sa a cire ta daga makarantar gaba ɗaya.

Malamin Lissafi, Zuru:
Ƙarin abu kaɗan kan wurin zama. Yaron da ke ƙanƙance ido yana kallon allo, ko yake kwafa daga littafin maƙwabcinsa kullum, ko yake juyo da kunne ɗaya in ana magana, a gwada dawo da shi layin gaba mako guda a gani. A rubuta haruffa a allo, a tsayar da shi a bayan aji ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. In akwai matsala a gaya wa iyaye su kai shi asibiti. Allon ma in ya koɗe ya yi fari, na baya ba sa ganin komai, a sake masa baƙi.

Baban Khalifa, Kamba:
Na ji, kuma batun ƙofar makaranta ya shige ni. Amma har yanzu tambayata ta farko tana nan ta wata fuska. Yaro ya samu irin wannan malami shekara ɗaya, ya farfaɗo. Shekara mai zuwa ya faɗa hannun wanda ke shigowa ya cika allo ya fita. Ba an koma baya ba?

Tsohon Hedimasta, Gwandu:
Yana faruwa, Malam, ba za a ɓoye ba. Abin da ke rage ɓarnar shi ne irin guzurin da yaron ya fita da shi. In abin da ya samu daɗin malami ne kawai, zai tafi da malamin. In ya fita ya iya karatu da ragi da rabawa, wannan ba mai ƙwace masa, ko allon da aka cika aka fita zai iya karanta shi da kansa. Shi ya sa hedimasta mai hankali yake kai malaminsa mafi ƙwarewa aji ɗaya da biyu, maimakon a tara gwanaye a aji shida don jarrabawa a bar ƙanana da wanda aka rasa inda za a kai shi.

Sannan a ƙarshen shekara malamin aji ya miƙa wa na gaba takarda, layi ɗaya kan kowane yaro: matakin karatunsa, matakin lissafinsa, abin da ke hana shi zuwa, da abin da ya iya. Hali mara kyau ba ya shiga takardar nan. Malamai kuma su riƙa zama minti talatin a mako, kowa ya kawo sunan yaro ɗaya da ya gagare shi a yi shawara.

Maman Ummi, Birnin Kebbi:
Baba Hedimasta, takardar gwajin nan ta haruffa da kalmomi, uwa za ta iya yin ta a gida ta gwada ɗanta? In ta ga ɗan aji huɗu ya tsaya a haruffa, ta yaya za ta tunkari malamin ba tare da ya ga kamar ƙararsa ta kawo ba?

Tsohon Hedimasta, Gwandu:
Za ta iya, ko yayansa ya yi masa, amma ba da tsawa ba, kuma ba a gaban ƙannensa ba. In za ta je makaranta ta je lokacin tara ko bayan tashi, ta tafi da takardar a hannu, ta ce "Malam, ga inda na ga ya tsaya, me zan riƙa yi masa a gida minti goma bayan magariba?" Ta nemi ya rubuta mata haruffa biyar na wannan makon, ta ce za ta dawo bayan mako biyu su duba tare.